Ajiya a Cikin Shafi

'Yan matan layinmu na Madain Fahd sukan leƙo ɗakina su tarar na shimfiɗa takarda a kan yadi ina zagaye ta da alli, sai wata ta taɓe baki ta ce, "Khala Rabi, ashe batron ne ke yin aikin, ke bin layi kawai kike yi." Nakan ce mata to bisimilla, ga almakashi ga yadi, bi layin mu gani. Har yau babu wadda ta karɓa. Ba na ganin laifinku, kun buɗe ido kun ga riguna rataye a kanti kamar a can suke tsirowa. Amma tunda kun ce abu ne mai sauƙi, ku gyara zama ku ji irin sauƙinsa.

Batron dai takarda ce da aka yanka da siffar kowane ɓangare na riga, gaba da baya da hannu da wuya. Nawa ba na zamani ba ne. Na rigunan yara mata ne irin na da, waɗanda kakannin mutanen Jidda suka sa suna ƙanana: ƙirji a tattare kamar saƙar zuma, hannu a kumbure, wuya zagayayye, da ɗamara da ake ƙullewa ta baya. Takardun asali sun mutu tun kafin a haife ni. Abin da ke cikin gwangwanin nan kwafin kwafi ne, duk wadda ta tsufa sai a ɗora ta kan sabuwar takarda a sake fitar da ita, da ɗigonta da 'yan tsagoginta da lambar shekarun yarinya da Larabci, daga uku zuwa sha biyu. Daga sha biyu ya ƙare, ba ni da batron ɗin budurwa.

Na shigo Jidda a ƙarshen shekarun saba'in, ina da ashirin da biyu, ni da maigidana. Daga wani ƙauye muke a gefen Malumfashi. Niyyarmu mu sauke farali, mu ɗan taɓa nema, mu koma. Wata uku muka ce wa Inna, mahaifiyata, ranar da na miƙa mata yarinyar da na yaye ba da jimawa ba. Shekara ba ta zagayo ba zazzaɓi ya kwantar da maigidan, kwana shida Allah ya karɓi abinsa, a nan aka binne shi. Na rage ni kaɗai, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya mini, ba ɗan'uwa. Wanda ya fita a irin halina ba ya dawowa, kuma ɗan abin da nake aikawa shi ke riƙe da gidan Inna. Sai na ce baɗi. Baɗin nan ne ya kawo ni yau.

Yarinyar 'yar fari ce, saboda haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Ku 'yan nan ba ku san wannan ba, ku da kuke rungume 'ya'yanku a tsakiyar titi kuna habibti habibti. Mu a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ko ya faɗi a gabanta sai dai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka muka taso, kuma ku riƙe wannan, zai dawo a gaba.

Guga ce ta kai ni gidan Khala Zainab. Tana zaune a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, hawa na uku na wani tsohon gidan dutse, ɗakin aikinta bayan tagar katakon nan da ke leƙo kan lungu. A nan aka haife ta, kakanta ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Sakkwato, shi ya sa Hausarta rabi da rabi ce, in ta fara da Hausa sai ta ƙarasa da Larabci. Wata maƙwabciya ce ta kai ni in riƙa yi mata wanki da guga. Rana ta uku ta tsaya a kaina ina goge wata 'yar riga mai ninki-ninki, ta ga ina bin kowane ninki da bakin dutsen guga ba na murƙushe shi. Ta ce, "Ya binti, wa ya koya miki?" Na ce ba kowa, tausayin rigar na ji. Ta ce, "Tayyib, daga gobe ki zauna nan kusa da ni."

Kada ku ɗauka keken ɗinki ta ɗora ni. Shekara guda cur ban taɓa almakashi ba. Aikina warwarar ɗinkin da ya karkace, zura zare a allura saboda idonta ya fara rauni, da guga. Bayan nan ta ba ni ƙyalle ta ce in yi ramin maɓalli da hannu. Na yi arba'in, ta zaɓi biyu ta ce su ne suka yi kama da na mutane. Sannan muka shiga tattarar ƙirji, wadda ita ce wuyar aikin duka. Sai kin ɗiɗɗiga yadi layi-layi, kin bi kowane ɗigo da allura, kin ja zaren yadin ya taru daidai wa daida, sannan ki hau yi masa ado a kai. In ɗigo ɗaya ya kuɓuce miki a layi na biyu, ba za ki gani ba sai kin kai na tara, ƙirjin ya karkace, ki warware ki koma farko. Yatsana na tsakiya har yau da kanta a kai, duk da 'yar hular ƙarfen da ake sawa.

Rigar farko da na yanka fara ce, ta wata yarinya 'yar shekara biyar. Don in rage ɓarnar yadi sai na kwantar da batron ɗin hannu ɗaya a karkace, na ce wa zai sani. Khala ba ta yi faɗa ba. Ta bar ni na gama tsaf, ta rataya rigar a ƙusa, ta ja ni baya ta ce, "Shufi, duba. Hannu ɗaya yana kallon Makka, ɗaya yana kallon teku. Wace yarinya ce Allah ya halitta haka?" Na warware, na sake yanka. Daga ranar na san yadi yana da hanyarsa, kuma batron ba ya gaya miki ita, idonki ne zai gani.

Dokokin Khala biyu ne, kuma a kansu ba ta da wasa. Ta farko, ba a yanka wa yarinya riga sai an ga tafiyarta. Uwa za ta kawo awo a takarda, Khala ta ture ta ce a kawo mai rigar. In an kawo ta, sai ta ce, "Yalla, ruga ki taɓo ƙofa ki dawo." A gudun nan take ganin mai ɗaga kafaɗa, da mai tura ciki gaba, da mai dogon taku da za ta yaga ƙasan riga. Lambar da ke jikin batron ba abin dogaro ba ce, domin yaran da aka yi shi dominsu ƙanana ne, ba su sha madarar gwangwani irin ta yanzu ba. 'Yar shida ta yau sai ta cika batron ɗin takwas.

Ta biyu ita ce ajiya. Yaro girma yake yi, yadi mai kyau kuwa ba kullum ake samu ba, shi ya sa mutanen da ba sa yanka riga iya jikin yarinya. Ana barin yadi a ninke shi a ɓoye tsakanin riga da shafinta, a gefe biyu domin faɗi, a ƙugu domin tsawo, da ɗan kaɗan a kafaɗa. Ba da keke ake kama ninkin ba. Da hannu ake yi, ɗinkin sarƙa irin na bakin buhun shinkafa, da shuɗin zare, a bar ɗan wutsiyarsa da ƙulli a ƙarƙashin hammata ta ciki. Ranar da riga ta matse, uwa ta kwance ƙullin ta ja, zaren ya zare gaba ɗaya, riga ta buɗe ta ƙara shekara biyu. Ta waje ba a ganin komai, gwanintar ke nan.

Wata tsohuwa daga Aziziyya ta taɓa zuwa mana da hoto wanda ya koma ruwan ƙasa don tsufa. Ita ce a ciki tana yarinya, tsaye kusa da kujerar mahaifinta. Ta ce irin wannan take so wa jikarta ranar Idi, kada a ƙara kada a rage. Kwana biyu muna jujjuya hoton a bakin taga muna ƙirga ninkin ƙirji. Da ta zo karɓa, ba ta ko dubi adon da ya cinye mana ido ba. Juya rigar ta yi, ta zura yatsa a hammata, ta taɓo ƙullin, ta ce, "Aiwa, ga shi nan." Haka masu sayenmu suke. Babu wadda muka taɓa yi wa bayanin shuɗin zare, da shi aka raine su, kamar a ce za ki koya wa mutum yadda ake buɗe ƙofar ɗakinsa. Ni ma da na daɗe a cikinsu sai na manta akwai inda ba a san shi ba.

Tun shekarar da hannuna ya faɗa, duk gabanin hajji nakan ɗinka riga ɗaya da ba ta kowa ba ce a Jidda. Na fara da batron ɗin huɗu. Khala ta ga ina yanka ba a kawo yarinya ba, ta ce, "Ta wace ce?" Na ce ta gida ce. Ta ce, "Wannan ɗinkin makaho ne, ya binti." Na sani. Amma yarinyar da zan ce ta ruga ta taɓo ƙofa tana bayan teku da hamada, ko hotonta ba ni da shi. Sai na yi dabara irin tawa. Ni gajera ce, na ce wataƙila ni ta biyo, kada in aika abin da zai yi mata burmumu yara su yi mata dariya. Na bi lambar shekarunta yadda take a batron, amma na ƙara ajiya, na cusa yadin shekara uku a cikin shafi. Na ce in ƙarama ce ta shige ta, in babba ce a ja zare. A ganina ban bar wata kafa ba.

Lokacin babu waya a hannun kowa, kaset muke yi. In alhazan garinmu za su koma, sai in ari rediyon maƙwabta in rufe ƙofa in yi ta magana. In gai da Inna, in gai da kawunnai da gwaggwanni kowa da sunansa, in ba da labarin zafin Jidda da yadda ake sayar da ruwa a mota, har akuyar Inna sai na tambaya. In na zo kan yarinyar sai bakina ya yi nauyi, don na san a tsakar gida za a kunna, kowa yana ji. Iyakar abin da nake cewa, "Ga ɗan ƙunshi nan, a ba mai shi." Baɗi alhazai su zo da kaset ɗin Inna, ta ce, "Saƙo ya iso, riga ta yi kyau, Allah ya yi albarka." In mayar da wurin baya in sake ji har kaset ya fara ja. Da wannan nake shekara.

Mummunar shekarar ita ce wadda na yanka batron ɗin tara. Rigunan kanti suka cika kasuwar Balad, masu ƙyalƙyali da leshin roba, uwa ta shiga ta fito da uku kafin mu gama ɗiga ƙirji ɗaya. Masu zuwa suka ɗauke ƙafa. Ana cikin haka Khala ta kwanta, kafin azumi ta rasu, Allah ya jiƙanta. 'Ya'yan ɗan'uwanta suka zo kwashe ɗaki, suka ce in ɗauki keken da gwangwanin batron tunda ba su san abin da za su yi da su ba. Kame kuma ya yi zafi a shekarar, mai irin takarduna ba ya yawo. Na tattaro na dawo nan Madain Fahd, ɗaki ɗaya a bayan wani gida, taga ɗaya mai kallon bango.

Da na buɗe gwangwanin bayan wata biyu sai na tarar danshin Jidda ya shiga, takardun sun yi funfuna, wasu suna narkewa a hannu. Na roƙi buhunan siminti a wurin masu gini a bayan layi, na ɓare takardar tsakiya mai tsabta, na goge ta da dutsen guga, na bi batron ɗin nan ɗaya bayan ɗaya na sake fitar da su. Inda funfuna ta cinye layi, da ka na cike shi. Su ne waɗannan da kuke gani, masu ruwan ƙasa. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ke jiran su. A watannin nan nakan yi kwana uku ban yi magana da ɗan Adam ba in ban da sallamar salla. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, har nakan taka keke ba yadi a kai don in ji motsi a ɗakin.

A ƙasan gwangwanin akwai wani yadi ruwan ƙwai da Khala ta ajiye, auduga mai laushi irin wadda aka daina kawowa. Da shi na yi rigar shekara tara. Tunda ba ni da wani aikin, kwana goma sha tara na yi a kan ƙirjin kaɗai, layi goma sha huɗu, da 'yan furanni farare a tsakani. Ban taɓa yin aiki kamarsa ba, kafin nan ko bayan nan. Na sa ajiya, na ƙulla shuɗin zare, na ba alhazai. Amsa ta zo baɗi, riga ta yi kyau, Allah ya yi albarka.

Na yi ta goma, ta sha ɗaya, ta sha biyu, batron ya ƙare. Daga nan sai dai in aika yadi. A kaset na ji an yi mata aure, a wayar wani ɗan garinmu na ji rasuwar Inna. Aiki ya dawo a hankali, don mutane sun gaji da rigar da ke yagewa a wanki biyu, jikokin masu sayenmu na da suka fara nemana saboda hoton Idi da bikin kayan gargajiya na makaranta. Da wayar hannu ta zo mukan gaisa da yarinyar. Hajiya take ce mini, Inna ita ce uwar da ta sani. "Hajiya ina wuni, ya aiki, ya zafi." In ce lafiya lau. Daga nan sai ɗaya ta ce sai an jima.

Shekarar da ta wuce yarinyar ta zo umara, ita da mijinta da 'yarsu. Da hantsi mijin ya kawo su ƙofar gidan nan ya ce zai dawo bayan la'asar. Na ɗaga labule na ga mace doguwa, sai da ta sunkuya kafin ta shigo. Tsawon ubanta ne sak, har yadda yake karkata kai. Shekara talatin da uku ina ɗinka wa gajera riga a zuciyata. Ta zauna a bakin tabarma kamar baƙuwa, muka gaisa, muka sake gaisawa. 'Yar tata kuwa, Ummi suke ce mata, ban tambayi sunan yanka ba don na gane sunana ta ci. Ba ta zauna ba, ta ruga wurin keke tana taɓa ƙafarsa, ni kuma idona ya riga ya auna ta, 'yar takwas mai dogon taku.

Na ce, "Kafin ku koma zan yanka wa wannan ƙawar tawa riga."

Uwar ta ce, "A'a Hajiya, kada ki wahalar da kanki." Ta jawo jakarta ta fito da wani ƙunshi a tsohon ɗankwali, ta ajiye a gabana. Warin kafur ya tashi. Rigar ruwan ƙwai ce, ninkin da na yi mata da hannuna bai ko canja ba. Ta ce, "Na ce bari in kawo miki, ko akwai wata a nan da za ta shige ta. Na gwada wa Ummi, ba ta wuce kafaɗa ba. Sauran bakwai suna akwatin Inna."

Na ce, "Ba ki sa ta ba?"

Ta ce, "Ban sa ko ɗaya ba. Ta farko ce aka ce ta shige ni, ita ma ban tuna ba. Duk shekara in alhazai sun dawo sai a tara yara a kira ni, a zura mini, ta tsaya a nan." Ta nuna kafaɗarta. "Sai Inna ta ninke ta sa a akwati, ta ce kada wanda ya gaya miki, ba a kushe tsaraba." Ba da faɗa take magana ba, kanta a ƙasa, tana murza bakin mayafi. "Ni dai na ɗauka kin manta shekaruna ne."

Na juya rigar, na zura yatsa a hammata. Ƙullin yana nan yadda na ƙulla shi. Na ce, "Ba wanda ya ja wannan?"

Ta leƙo ta ce, "Mene ne shi? Wani tela ya taɓa cewa a kawo ya farke ya ƙara mata ƙyalle, Inna ta hana. Ta ce kayan Makka ba a sa masa reza."

Na kwance ƙullin na ja. Zaren ya zare sumul kamar jiya aka yi shi, gefen rigar ya saki, yadi ya fito daga cikin shafi, launinsa ya fi na waje haske. Na ja na ɗaya gefen, na ja na kafaɗa. Da na zo kan na ƙugu sai na tsaya, na miƙa mata wutsiyar na ce, "Ja." Ta dube ni, ta kama da yatsu biyu ta ja a hankali, rigar ta sauko ta ƙara tsawon tafin hannu biyu a kan cinyarta.

Na jiƙa ƙyalle na kashe layin ninkin da guga, na kira Ummi. Rigar ta shige ta har da ɗan saura. Na ƙulla mata ɗamara ta baya, na ce, "Yalla, ruga ki taɓo ƙofa ki dawo." Ta ruga, ƙasan rigar yana tashi, ta dawo tana dariya tana cewa a ɗauke ta hoto. Uwar ba ta ɗago ba. Ta tsince zaren nan huɗu daga kan tabarma tana naɗe su a yatsa.

Ta ce, "Duk haka suke?"

Na ce, "Duk."

Ta ce, "Me ya hana ki faɗa, Hajiya? Kaset guda kike cikawa."

Na gai da akuya a kaset ɗin nan, amma kalma biyar da za su sa 'yata ta sa riga ranar Salla, kunya ta hana ni, sabo kuma ya sa na ɗauka kowa ya sani. Na ce mata, "Ban san ba a sani ba." Baƙin cikin da na ji a ranar ko na mutuwar maigidana bai kai shi ba. Muka ci abinci, mijin ya zo bayan la'asar, suka tafi da rigar a jikin Ummi. Zaren ma ba ta bar mini ba.

Bayan sun koma da kamar wata guda, ina cikin ɗiga ƙirjin wata riga waya ta yi ƙara. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ce, "Hajiya, na buɗe akwatin Inna, na ja sauran bakwai ɗin." Na ce sun buɗe? Ta ce, "Sun buɗe. Na tara yaran gidanmu dogaye irina, na gwada musu shekara da shekara." Ina jin hayaniyar yara a bayanta. Sannan ta ce, "Da duk sun shige ni."

To kun ji sauƙin bin layi. Dokokin Khala biyu ne, ni na ƙara ta uku. Duk wadda ta zo karɓar riga a ɗakin nan, ko jikar wa ce a Jidda, sai na juya rigar a gabanta na nuna mata hammata. Wasu su ce, "Khala Rabi, halas, mun sani, tun kakanninmu." In ce na ji kun sani, kawo hannunki. Ba ta fita da rigar sai na ɗora yatsanta a kan ƙullin.